Bayan an watse daga zaman makoki: yadda ake nema wa manya da tsofaffi maganin baƙin ciki da faɗuwar gaba

Ranar da aka yi addu'ar arba'in ɗin Babanmu aka naɗe tabarmin ƙofar gida, aka mayar wa maƙota kujerunsu da manyan tukwanensu, 'yan uwa na nesa kowa ya kama hanya, ni a raina na ɗauka mai wuyar ta wuce. Ashe a lokacin ma aka soma. Umma ta cika wata huɗu da kwana goma ta fita takaba, muka ɗinka mata sabbin kaya, kayan nan suna cikin leda a saman durowa har aka shekara ba ta taɓa su ba. Kullum in an sauke tuwon dare sai ta fara ɗauko kwanon Baba, mai murfin nan na silba, ta riƙe shi ta yi shiru, can sai ta mayar ta shige ɗaki, nata tuwon ma ba za ta ci ba. In kin ce Umma ya jikin, sai ta ce Alhamdulillahi ba komai, kaina ne dai yake min nauyi. Mu kuma abin da muka iya kawai shi ne "Umma sai haƙuri", ita kuma ta ce "haƙuri ya zama dole", shi ke nan an rufe zance. Wata 14 muka yi a haka kafin muka kai ta inda ya kamata, kuma wallahi har yau ina jin ciwon watannin nan da muka ɓata, shi ya sa na zauna na rubuta hanyar da muka bi ko Allah zai sa wani ya rage nisa.

Da farko dai kada a ɗauka duk wanda aka yi wa rasuwa sai an kai shi asibiti. Yawancin mutane in suna da 'yan uwa da addu'a da lokaci, da kansu suke warwarewa. Kuka, rashin barci, abinci ya fita a rai, mafarkin mamacin, har ma mutum ya ji kamar an yi sallama da muryarsa ko ya hango shi a inda ya saba zama, duk ana samun wannan sosai a watannin farko musamman ga tsofaffin da suka yi shekara arba'in ko hamsin tare, ba hauka ba ne kuma ba aljanu ba ne. Kuma don Allah mu daina hana mutane hawaye da sunan imani. Manzon Allah (SAW) da ɗansa Ibrahim ya rasu hawaye suka zubo masa, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗar komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Annabi Yakubu idanunsa har fari suka yi saboda kewar Yusuf. Abin da aka hana sananne ne, kururuwa da yaga kaya da marin fuska. Amma tsohuwa ta zauna ta ce tana kewar maigidanta hawaye su zubo mata, wa ya ce wannan rashin tawakkali ne?

To yaushe abin ya wuce gona da iri? Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka baƙin cikin da ya ƙi sakin mutum a kundinta na cututtuka wanda ya fara aiki a 2022, sharaɗin shi ne a ƙalla wata 6 da rasuwar kuma ya zarce abin da addini da al'adar mutanen suka saba da shi, su kuma likitocin Amurka a nasu kundin suka ce ga manya sai an shekara. Ni dai abin da zan ce, ku bar ƙirgen wata ku duba ko abin yana motsi. Baƙin ciki na lafiya yana zuwa yana tafiya, yau an yi kuka gobe jika ya yi wata ɓarna an yi dariya. Wanda ya zama ciwo kuwa tsaye yake wuri ɗaya kamar jiya aka yi rasuwar, kewa daga safe har dare, mutum ya ƙi shiga ɗakin mamacin ko kuma ya ƙi fitowa daga ciki, ya daina zuwa suna da biki da islamiyya, yana ta zargin kansa, yana cewa rayuwarsa ba ta da sauran amfani. In kun ga haka, jira ba zai ƙara muku komai ba.

Matakin farko, tun kafin a yi zancen mai sauraren damuwa, a duba jiki. Tsoho ba kasafai zai ce ina cikin damuwa ba, zai ce kaina, ƙirjina, jiri, kasala, wani abu yana min yawo a jiki. Wani lokacin damuwar ce take magana ta jiki, wani lokacin kuma jikin ne da gaske, don suga in ya sauka, ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo in ya sa jiki gudu, zuciya in bugunta ya rikice, duk suna kawo rawar jiki da faɗuwar gaba sak irin ta fargaba. Akwai ma wani ciwon zuciya da likitocin Japan suka fara bayaninsa a 1990, tashin hankali mai tsanani kamar mutuwar miji yana iya raunana tsokar zuciya farat ɗaya, kuma ya fi kama matan da suka daina al'ada, saboda haka ciwon ƙirji bayan rasuwa kada a ce ai tunani ne, a tafi asibiti a ranar. Ku tattara duk magungunan da ake sha a leda ɗaya, har na gargajiya, ku ajiye wa likita a gabansa. Sannan ku faɗa masa goro nawa ake ci a rana da shayi kofi nawa, don goro yana da sinadarin nan na kofi mai hana barci da sa zuciya gudu. Umma tun rasuwar ta koma goro ne abincinta, har bayan isha tana ɓantara, sannan ta kwana ido biyu.

Wani kuskure da muka yi kuma ba na so kowa ya maimaita: wani mai kemis a unguwa ya ba mu maganin barci, irin su Valium da Lexotan ɗin nan, muka dinga ba ta. Barci ta yi kam, amma sai ta wuni a gajiye tana layi, ranar nan da asuba ta tashi alwala ta zame a bakin rijiya, Allah ne ya tsare ƙugun bai karye ba. Magungunan nan ga tsofaffi suna kawo faɗuwa da ruɗewa da mantuwa, jiki yana sabawa da su, kuma ba sa taɓa baƙin cikin ko kaɗan. In kuma an riga an daɗe ana sha kada a yanke lokaci ɗaya, likita ne zai dinga ragewa a hankali.

Wa za a nema? Akwai likitan ƙwaƙwalwa, shi ne mai tantance ciwo ya rubuta magani, akwai kuma masanin halayyar ɗan adam na asibiti, wanda ake ce wa saikolojis, shi ne aikinsa zama da mutum mako-mako ana magani da magana da atisaye. A Kano akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga kuma Dawanau, a Zariya akwai Shika, ga asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna da Kware a Sakkwato da na Maiduguri. Ma'aikatan ba su da yawa, likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, don haka a shirya wa layi da jira. Ga tsoho ya fi sauƙi a bi ta babban asibiti, a yanki kati a ga likitan iyali, shi ya tura ku sashen, saboda mutanenmu daga sun ji sunan asibitin ƙwaƙwalwa sai su ce an mayar da su mahaukata, alhali mafi yawan masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa su koma gida su ci gaba da harkokinsu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin mara lafiya har da sirrinsa, ku faɗa wa tsohonku wannan, yana kwantar da hankali. In kun samu wanda zai yi zaman ku tambaye shi kai tsaye: yana jin Hausa sosai? wace hanya yake bi? zama nawa yake hasashe? akwai abin da za a dinga yi a gida? Wanda bai da amsar waɗannan sai nasiha kawai, to nasiha muna da ita a gida, ku nemi wani. In mace ce kuma ta fi son mace, ku nema mata, haƙƙinta ne. Mai takaba ma malamai sun yarda ta fita don lalura irin ta asibiti.

Shawo kan tsohon shi ne babban aiki, mu sai da muka yi wata guda a kai. Kada a yaudare shi a ce za a je gaida wani sai ya ga kansa a gaban likita, daga ranar ya daina yarda da ku. Ku kama abin da shi da bakinsa yake kuka da shi. Ni ce mata na yi, "Umma, nauyin kan nan da rashin barcin nan sun daɗe, akwai wata likita da aikinta ke nan, ba allura ba kwanciya, zama za ku yi ku yi magana, in kin je sau biyu ba ki ji daɗi ba mun bari." Ta ce, "Ni da Allah ya jarrabe ni sai in kai ƙara wajen mutum?" A nan na gane maganar ta fi bakina, na je na samu ƙanwarta da malamar islamiyyarsu, malamar ce ta ce mata, "Hajiya, hawan jininki ma ai jarrabawa ce, kuma kina zuwa awo." Kowane tsoho yana da wanda ba ya iya ƙin maganarsa, wani aminin kasuwa ne, wani liman, wani fasto, ku nemo wannan mutumin. Sannan ku lura da kunya. Uwa ba za ta buɗe cikinta a gaban ɗan fari ba, balle suruki, uba kuma ba zai yi hawaye a gaban 'yarsa ba. Ku raka, ku yi bayanin farko in an nema, sannan ku fito waje ku jira. In kunne ya yi nauyi ku sanar tun farko a zauna ta ɓangaren da yake ji, a tafi da tabarau, a nemi ganin safe kafin gajiya ta zo.

Zaman farko tambayoyi ne kawai, barci, ci, yadda rasuwar ta kasance, wa ake zaune da shi, wani lokacin da ɗan gwajin tunawa don a bambance damuwa da ruɗewar tsufa, don damuwa ita ma tana kawo mantuwa kuma wannan irin tana warkewa. Kada ku sa ran ganin canji ranar.

Maganin baƙin cikin kansa, hanyar da aka fi gwadawa ita ce ta wata likitar Amurka, Katherine Shear, zama 16 ne kusan wata huɗu, kuma a gwajin da aka buga a 2014 kan tsofaffi, waɗanda suka samu sauƙi da ita sun ninka na ɗaya hanyar da aka kwatanta ta da ita. Ba lallai ku samu mai yin ta daidai da yadda aka tsara ba, amma ginshiƙanta su ne za ku gani a wajen duk wanda ya san aikinsa. Na farko labarin ranar mutuwar. Za a sa mutum ya ba da shi daga farko har ƙarshe, a hankali, ba sau ɗaya ba, wani lokacin a naɗa a waya ya saurara a gida. Da na ji haka sai da gabana ya faɗi, na ce wannan ai fama ciwo ne. Amma ashe wurin da mutum yake tsallakewa kullum a nan ƙayar take. Daga baya Umma da kanta ta gaya min, daren nan Baba ya ce mata yana son kunu, ta tashi ta tafi dama masa, ta dawo da kofin a hannu ta tarar rai ya yi halinsa. Wata 14 tana ɗauke da "da ban fita ba da na laƙƙana masa kalmar shahada", ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, mu muna ta sai haƙuri ba mu san ma a kan me take haƙurin ba. Likitar da muka kai Umma wajenta ba ta ce mata ki daina wannan tunanin ba. Tambayarta ta yi: lokacin da kika tashi, kin san minti nawa suka rage masa? Wa ya nemi kunun? Da ƙanwarki ce hakan ya faru da ita, me za ki ce mata? Umma ta ce sai da ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza, kuma daren ta yi barci.

Na biyu komawa wuraren da ake gudu, kaɗan-kaɗan. Ɗakin Baba yana kulle tun rasuwar. Makon farko buɗe ƙofar kawai za ta yi ta tsaya a bakin ƙofa minti biyar, mako na gaba ta shiga ta zauna a kan dardumarsa ta yi lazimi, sai share ɗakin, sai can gaba fitar da rigunansa sadaka, ita ta zaɓi waɗanda za a bayar da wadda za ta ajiye. Akwai kuma zaman da ake ce wa mutum ya faɗi abin da bai samu ya faɗa wa mamacin ba. Wannan ba kiran matattu ba ne, sauke nauyin ƙirji ne, kuma in zuciyar tsohonku ba ta kwanta da shi ba a faɗa wa likitar, ana iya mayar da shi cikin addu'a. Na uku kuma, wanda mu 'ya'ya muke mantawa, gina sauran rayuwar: me kike so ki yi da ba ki yi ba? Wasu masana biyu a Holan, Stroebe da Schut, tun 1999 suka bayyana cewa mai baƙin ciki yana warkewa ne ta hanyar kai-komo, ya fuskanci rashin ya ɗan huta ya kama harkar rayuwa ya sake dawowa. Umma ta ce tana son ta koma haddar da ta tsaya da kiwon tumakinta, muka sayo mata tunkiya biyu, kuma tashi ba su dusa da safe ya yi mata abin da maganarmu ta shekara ba ta yi ba.

Ita kuma fargaba a gidanmu Yayanmu ta kama, magidanci mai shekara arba'in da wani abu, ɗan kasuwa, wanda shi ya tsaya a kan komai na jana'iza ko ɗigon hawaye ba a gani ba. Shi aka kira a waya ƙarfe biyun dare ranar da Baba ya rasu. Bayan wata uku sai ya zama waya in ta yi ƙara bayan isha ƙirjinsa ya hau dukan uku-uku, gumi, numfashi ya ƙi isa, hannu ya yi sanyi, ya ce shi ke nan tasa ta zo. Sau uku ana yi masa gwajin zuciya ana cewa lafiya lau. Ya sayi na'urar awon jini yana aunawa ya fi sau goma a rana, ya daina zuwa jana'iza, ya daina bin titin asibitin da aka taɓa kwantar da Baba. Hanyar da aka bi da shi ita ce ta gyaran tunani da ɗabi'a, likitoci suna ce mata CBT, wani likitan Amurka Aaron Beck ne ya assasa ta a shekarun 1960, yawanci zama 8 zuwa 16 ake yi. Abin da aka fara zana masa a takarda zagaye ne: zuciya ta ɗan buga, tunani ya ce mutuwa ce, tsoro ya sa jiki ya saki sinadarin gudu ko faɗa, zuciya ta ƙara bugawa, tunani ya ce ka gani ko. Aka ce masa firgicin nan yana kai ƙololuwa cikin kamar minti goma sannan ya sauka da kansa, kuma duk gudun da yake yi yana ba shi sauƙin minti biyar ne ya ƙara wa tsoron ƙarfi na gobe.

Ga abubuwan da aka ba shi, kuma kowa zai iya farawa da su. Numfashi: a ja ta hanci ana ƙirga huɗu, ciki ne zai tashi ba kafaɗa ba, a saki a hankali ana ƙirga shida, minti biyar, a dinga yi bayan kowace sallah lokacin da hankali yake kwance don jiki ya iya kafin ranar buƙata. Rubutu: duk lokacin da abin ya zo a rubuta me ya faru, me zuciya ta raya, me ya faru a ƙarshe. Bayan mako uku Yaya ya duba littafinsa ya ga "zan mutu" an rubuta ya fi sau ashirin, ga shi zaune yana karantawa. Wanda bai iya boko ba ya yi da ajami ko ya naɗi murya a waya. Lokacin tunani: a ware minti 15 kullum, misali bayan la'asar, duk zullumin da ya zo kafin nan a ce masa jira lokacinka, in lokacin ya yi a raba su biyu, wanda akwai abin yi a kai a sa masa rana, wanda babu a bar wa Allah. Sai fuskantar abin tsoro daga ƙarami zuwa babba, matarsa ta kira shi da gangan ƙarfe tara na dare, sai sha ɗaya, ya bi titin nan a mota wani yana ja, sai shi kaɗai, sai sallar gawa a masallaci, sai rakiya har maƙabarta. Awon jini kuma aka mayar sau ɗaya kamar yadda likitansa ya ce. A wajen tsofaffi fargabar takan zo da wata kama, tsoron faɗuwa, tsoron kwana su kaɗai, kiran 'ya'ya sau goma a ji ko sun isa lafiya, amma aikin ɗaya ne, sai dai a tafi a hankali a yawaita maimaici.

Mu na gida namu aikin shi ne tsakanin zama da zama, don awa ɗaya a mako ba ta isa ba in sauran kwana shidan an koma gidan jiya. A dinga ambaton mamacin, a ba da labarinsa, kada sunansa ya zama abin da ake kaucewa. Maimakon "sai haƙuri" kaɗai a ƙara da "Umma me kika tuna?" sannan a yi shiru a saurara. Kada a ƙwace wa tsoho duk aikinsa da sunan tausayi, barinsa ya tsinke zogale ko ya raka jika makarantar allo magani ne. Barcin rana kada ya wuce rabin awa, goro da shayi a tsaya daga la'asar, a fita a sha hantsi a ɗan taka. Kuma kada a yi gaggawar ɗauke tsohuwa daga gidanta a kai ta wani gari wajen 'ya'ya in ba dole ba, maƙotan da ta yi shekara talatin da su suna cikin abin da yake riƙe da ita.

In kuna ƙauye ko kuɗin mota ya gagara, ku tambaya a asibitin da ke kusa ko akwai nas ko ma'aikacin lafiya da aka horar kan damuwa, wasu masanan kuma suna yin zama ta waya. Kada ku raina wanda ba likita ba in dai an horar da shi. A Zimbabuwe wani likita, Dixon Chibanda, ya horar da kakanni mata suna zama a benci a harabar asibiti, zama shida, suna taya mutane warware matsala ɗaya bayan ɗaya, ciwon ma a harshensu sunansa yawan tunani, kamar dai yadda muke faɗa, kuma binciken da aka buga a 2016 ya nuna masu zuwa bencin sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba.

Maganin sha yana da wurinsa in damuwar ta yi nauyi ko fargabar ta hana komai, likita zai fara wa tsoho da kaɗan, yana ɗaukar mako biyu zuwa shida kafin a ga aikinsa, kada a ce bai yi ba a watsar, kada kuma a daina ranar da aka ji sauƙi. Amma kewar mamaci ita kanta ƙwaya ba ta cire ta, sai zaman.

Akwai abin da ba a jira da shi ko kwana ɗaya. Mutum ya daina ci da sha, ya ajiye maganin suga ko na hawan jini da gangan, ya ruɗe farat ɗaya bai san inda yake ba, ko yana maganar kashe kansa. "Allah ya ɗauke ni in huta" tsofaffi suna faɗa, amma kada ku wuce ta, ku zauna ku tambaya a fili cikin ladabi, "Baba, ka taɓa jin kamar ka yi wa kanka wani abu?" Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In amsar e ce kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga ɗakin, a tafi asibiti a ranar, ba zagi ba gori.

Alamar ana samun sauƙi ba wai an daina kuka ba ne, ku duba barci, ci, fita, da ko ana iya zancen mamacin a ƙarasa. In an yi zama shida babu abin da ya motsa ku koma ku faɗa, a canza hanya ko a canza mutum. Kuma ku shirya wa ranakun da abin yake dawowa, azumi, Sallah, ranar da ya cika shekara, auren auta, a sa wani ya kwana da ita a tanadi abin da za a yi ranar tun kafin ta zo. Mu azumin da ya biyo bayan gama zaman Umma, daren farko da aka kira magariba ta ɗauko kwanon nan na silba, gabana ya faɗi, sai na ga ta zuba kunu da ƙosai a ciki ta rufe, ta kira almajirin gidanmu ta ce ya kai masallacin da Baba ya saba buɗa baki, ya tsaya a juye ya dawo mata da kwanonta, gobe ma za a kai.